Zanzibar ko Maldives: amsa ga Malam mai son kai iyali hutu

Malam, tsakanin wuraren nan biyu da ka ambata, ka kai iyalinka Zanzibar. Na je dukansu daga nan Abuja, kuma ɗaya ne kawai nake fatan Allah ya maimaita mini.

Maldives na fara zuwa, don hotunan ɗakunan da aka gina a kan ruwa sun ruɗe ni. Ba na musun kyawun tekunsu, kuma suna buga biza kyauta a filin jirgi, amma tsarin manyan otal ɗinsu shi ne kowane otal da tsibirinsa, saboda haka bayan kwana biyu mun gama zagaye namu da ƙafa, sai zaman kallon ruwa da sayen abinci a farashin da aka ga dama, tunda babu wata kasuwa da mutum zai nufa. Abin da ya rage mini na alfahari shi ne na taka ƙasar da ake kwaso kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi.

Zanzibar kuwa gari ne mai mutane da tarihi. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, ta haɗe da Tanganyika a 1964 aka samar da Tanzaniya, kuma galibin jama'arta Musulmi ne, don haka ba mu taɓa tsayawa tambayar halascin nama ko neman masallaci ba. Tsohon garin, wanda ake kira Stone Town, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2000. Lungunansa sun fi na cikin ganuwar Kano matsi, ga ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla tun zamanin da Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa can a ƙarni na 19. A nan aka rufe kasuwar bayi a 1873, aka gina coci a filinta, kuma ina ganin ya dace manyan yaranka su shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a wurin.

Ranar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta gonar kayan ƙamshi a yankin Kizimbani. Uwargidana ta shekara ashirin tana zuba kanumfari a kunun zaƙi da zoɓo, amma ba ta taɓa sanin cewa furen bishiya ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya a rana har ya yi duhu ba. Wani saurayi ya ɓanɓaro mana ɓawon kirfa daga jikin itacen, sannan ya kankaro saiwarsa ya miƙo, sai ga ƙamshi irin na man zafi da ake shafa wa mai mura. Da ya ce sunan kanumfari a harshensu na Swahili "karafuu", muka kalli juna muka yi dariya, domin duk daga Larabci muka aro. Haka a kasuwar Darajani, inda mai sayarwa ya ce "ishirini", na taya, muka daidaita ba tare da tafinta ba, saboda "arobaini" da "hamsini" ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Da magariba kuma sai dandalin Forodhani, a sha ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami, a ci gasasshen kifi a bakin ruwa.

Game da bakin teku, ka lura da ɓangaren da za a sauke ku. A gabas, wato Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa nesa ƙwarai na wasu sa'o'i kowace rana, har mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku, abin sha'awa ne ga mai kallo amma yaro mai son wanka zai yi ta jira. A arewa, Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta da yawa, sai dai can ne Turawa suka fi cika da irin shigarsu da kiɗan dare, don haka ka nemi masauki a gefe. Ka kuma kauce wa watannin Maris zuwa Mayu, lokacin ne damina take da ƙarfi.

Ba ka tambaya ba, amma zan gargaɗe ka kan dillalan tafiya da ke talla a Instagram. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri an amince, kuma tana iya ɗaukar makonni. Duk wanda ya ce maka zai fitar da ita cikin kwana biyu, ka riƙe kuɗinka. Wani a Wuse ya taɓa karɓar kafin alƙalami daga hannuna a kan otal "na bakin ruwa", da na duba taswira sai na ga tafiya ce mai nisa kafin a kai yashi, kuma da ƙyar na karɓo rabin kuɗina. Ka kira otal ɗin da kanka ka tabbatar sunanka yana cikin littafinsu kafin ka biya kowa. Idan kun isa, samarin da ke tare baƙi a bakin teku, waɗanda ake kira "papasi", za su yi ta yi maka tayin yawon kwale-kwale, kada ka ba su kuɗi sai ka ga jirgin da rigunan kariya. Za'afaran mai arha da ake ƙullawa a leda ma ba na gaske ba ne, kanumfari da kirfa za ka saya.

Ka tanadi katin rigakafin cutar shawara, da dala 44 ta inshorar da hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024. Mu jirgin Habasha muka bi, aka ya da zango a Addis Ababa. Kwana uku a tsohon gari da huɗu a Kendwa sun ishe ku, kuma ka bar wuri a akwati, domin Hajiya ba za ta dawo hannu rabbana ba.