Birenbos mai ƙwaƙwalwa biyu a kan injin 13B: abin da zafin Katsina ya nuna

Duk wanda ya ɗauko injin rota na Mazda ƙirar 13B da niyyar ɗora shi a ƙaramin jirgin sama na ƙirar gida, tambayar farko da ke tare masa hanya ita ce wa zai riƙa ba injin mai da wuta. Birenbos ɗin motar, wato kwamfutar da ke sarrafa mai da wuta, bai dace ba. Don titi aka tsara shi, sansoshi, wato na'urorin awo, da yawa yake nema, kuma da ya ga abin da bai gane ba sai ya rage wa inji ƙarfi don ya kare shi. A hanyar Katsina zuwa Daura wannan ba laifi, ka gangara gefe ka kira bakanike. Jirgin da ya ɗaga daga ƙasa bai da gefen da zai gangara.

Na'urar da nake sharhi a kanta wani ƙaramin kamfani na ƙetare ne ya ƙera ta, bisa tsarin da birenbos ɗin EC2 na Tracy Crook ya yi suna da shi a Amurka, mutumin da ya tashi jirginsa RV-4 da injin 13B tun shekarun 1990. Akwati ɗaya ne na alminiyam, amma a ciki allo biyu ne cikakku, A da B, kowanne da nasa sansan matsin iska. A gaban matuƙi akwai ɗan faifai mai makunnin sauyawa daga A zuwa B, da maɓallin murɗawa na ƙara mai ko rage shi, da makunnin tada inji da sanyi, da maɓallin adana saiti. Na yi aiki da ita a kan 13B na RX-7 ƙirar 1989 zuwa 1991, marar tabo, mai matsi 9.7:1, ɗaure a kan teburin ƙarfe da giyar rage gudu 2.17:1 da farfelar katako. A ƙasa aka yi gwajin duka, daga sanyin hunturu har zafin bazara. Hukuncina shi ne akwatin kansa abin yarda ne, tsakani da Allah, amma tagwayen ƙwaƙwalwar nan ba sa kare komai a wajen akwatin, kuma a garin nan daga waje matsala take zuwa.

Sai an fahimci yadda rota ke aiki kafin saitin ya yi ma'ana. Rota, wato ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a madadin fistin, biyu ne, kowanne cc 654, jimla 1,308. Sandar tsakiya tana juyawa sau uku kafin rota ya kammala zagaye ɗaya, kuma kowane rota yana ba da bugu ɗaya a kowane juyi na sandar. Ke nan bugu biyu a juyi, daidai da injin fistin huɗu, kuma haka ake saita agogon gudun inji. A gudu 6,000 a minti, juyi ɗaya milisakan 10 ne kacal, a ciki kuma dole a fesa mai, a cika koyil, a saki wuta. Farfela a lokacin tana yin kusan 2,765.

Wajen sansan juyi ne aka fi shan wuya, kuma a nan na fi son mai karatu ya tsaya. Na wannan injin yana da faifai biyu masu haƙora, ɗaya 24 ɗaya 2, kuma wutar da yake fitarwa 'yar ƙarama ce ƙwarai lokacin da kik ke juya inji. Idan rewaya ya juya wayoyinsa biyu, injin zai tashi lafiya lau, sai dai taimin ya riƙa zamewa yayin da gudu ke ƙaruwa, kuma kunne ba ya kama wannan. Fitilar taimin ce kaɗai ke nunawa: a kulle taimin a lamba ɗaya, a haska makin da ke kan fuli a silo, a ɗaga zuwa 4,000 a sake haskawa. In makin ya gusa fiye da digiri 2, a koma kan wayoyin. Wayar sansan dole ta zama murɗaɗɗiya mai rigar kariya, a haɗa rigar da at, wato wayar negatif, a ɓangaren akwati kawai, kuma a nisanta ta da wayoyin fulogi aƙalla santimita 10. Alamar cewa hayaniyar koyil ta shiga wayar ita ce allurar gudu ta yi tsalle, inji ya yi tari ɗaya ya wuce. A da B duka za su yi tarin tare, domin daga sansa ɗaya suke sauraro.

Fulogi huɗu ne, biyu a kowane gidan rota. Na ƙasa mai alamar L shi ke fara kunna wuta, na sama mai alamar T ya biyo baya. BUR7EQ na NGK a ƙasa, BUR9EQ a sama, kuma ba a musanya su. Da totur a buɗe duka, taimin na digiri 23 kafin ƙolin matsi a kan L shi ya ba da gudu mafi kyau ba tare da ƙwanƙwasa ba. Na'urar tana ba kowane fulogi koyil nasa, abin da na yaba. Ana iya haɗa L biyu su riƙa tashi tare, amma T ba ya jure haka, domin in ya saki wuta a lokacin da ba nasa ba, sabon cajin da ke shigowa zai kunna, sil ɗin ƙusurwar rota ya karye. Saboda wannan dalilin wayoyin T biyu kada su kwanta jikin juna.

Sai nozul masu fesa mai. Huɗu ne, masu cc 460 a minti. Injin da ke ba da ƙarfin doki 170 yana shan kusan lita 54 a awa, wato cc 900 a minti. Nozul biyu ko sun tsaya a buɗe ba rufewa cc 920 za su bayar, kuma ba a son su wuce kashi 85 cikin 100 na lokaci, don haka biyu ba su isa tashi ba. Huɗu kuma sun yi yawa a silo, domin buɗewar kowanne za ta gajarce har ta kusanci milisakan ɗayan da nozul ke ɓatawa kafin ya buɗe. Maganin shi ne biyu su yi aiki a ƙasa, sauran biyun su shigo idan matsin manifol ya kai wani mataki. A daidai wurin shigowar nan inji yakan yi ɗan shaƙewa in ba a gyara ba, kuma takardar bayanin da ta zo da na'urar ta taƙaita magana a kai fiye da kima. Abin da ya yi aiki shi ne a tsayar da totur ƙasa kaɗan da matakin, a duba ma'aunin cakuɗar iska da mai, a haura kaɗan a sake dubawa, a riƙa gyara rabon har lambobin biyu su zo ɗaya. A kuma auna nozul da mita kafin a jona: na farkon ƙirar RX-7 ta biyu om 2 zuwa 3 ne, suna bukatar resista, na baya om 12 zuwa 13. Kayan Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a cakuɗe suke zuwa.

Lissafin mai a kan abu biyu ya fi dogara, gudun inji da matsin iskar manifol, sai A da ke ƙarawa da zafin iska. Babu sansan totur, babu sansan iskar salansa a cikin lissafin, kuma wannan ragewar ita ce ƙarfin na'urar, domin abin da ba a saka ba ba zai lalace ba. Katsina tana sama da teku da mita 500 da 'yan kai, saboda haka in an kunna makunni inji na kashe, A da B su nuna matsin iska kusan kPa 95, ba 101 na bakin teku ba. In sun saɓa da juna fiye da 2, akwai tiyo mai yoyo ko sansa mai ƙarya. Bugun iska a manifol na rota yana da ƙarfi har lambar takan yi rawa, sai an saka 'yar matsattsiyar ƙofa da ƙaramin gwangwani a kan tiyon, irin filtar mai ta babur, sannan ta natsu. Cakuɗar da na tsaya a kai ita ce iska 12.5 zuwa 13 ga mai 1 da cikakken totur, 15 zuwa 15.5 a matsakaicin gudu. Akwai kuma gurbin da gwajin ƙasa ba ya kaiwa. A ƙafa 8,000 da totur a buɗe, manifol zai nuna kusan kPa 75 alhali gudu na sama, a ƙasa kuwa 75 rabin totur ne da gudu kaɗan, domin farfela ta riƙe inji. Wannan ne amfanin maɓallin murɗawa, kuma na fi yarda da na'urar da ta bar shi a hannun matuƙi.

Zafinmu shi ya fito da bambancin A da B. An ƙera B da gangan ba ta sauraron sansan zafin iska, don in sansan ya mutu a samu wurin gudu. Amma tsakanin asubar Janairu mai digiri 13 da azahar ta Afrilu mai 42, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. B ɗin da aka saita da hunturu za ta cika mai da bazara, wadda aka saita da bazara kuma ta yi ƙarancin mai da sanyi, wanda shi ya fi haɗari. Gara a saita ta a tsakani, a rubuta a jikin faifan gaban matuƙi inda maɓalli zai tsaya a kowane yanayi. Ita A nata ciwon shi ne idan aka kashe inji da zafi, sansan ya jiƙa da zafin ƙarfe ya nuna digiri 70, sai ta rage mai, tashi ya yi wuya. A ɗora sansan a cikin hanyar iska kafin totur, a kan roba, nesa da salansa, wadda a rota takan haura digiri 850. A ranar digiri 40 iskar filin Katsina daidai take da ta ƙafa 5,000, inji ya rasa ƙarfi, fiffike ya rasa ɗagawa. Na'urar za ta daidaita mai daidai, amma ba ta dawo da ƙarfin da zafi ya ɗauke.

Yanzu abin da akwatin bai rufe ba. Gida ne mai ɗaki biyu da zaure ɗaya: wuta ɗaya, mai ɗaya, sansan juyi ɗaya. Famfon mai, koyil huɗu, nozul da akwati tare suna jan kusan amfiya 15. In altaneta ya mutu, sabon batir mai Ah 18 ba zai kai minti 45 ba, tsoho da ya sha zafin rumfar kwano kuwa ƙasa da haka sosai. Injin jirgi na gargajiya, irin Lycoming na jirgin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna, yana da magneto da ke samar da wutarsa da kansa. Wannan ba shi da shi. Don haka batir biyu ko altaneta biyu, fiyus daban ga kowane famfo, ga nozul na farko, ga na biyu, ga koyil na L, ga na T, da fitilar gargaɗi da ke kunnuwa in wuta ta sauka ƙasa da bolt 13. Famfo biyu a jere gefe da gefe, kowanne da bawul mai hana komawa, matsin mai bar 3, a girke su ƙasa da tanki. Filta mai faɗin ido, maikiron 100, kafin famfo, mai maikiron 10 bayansa. Man da ya dawo daga inji ya koma cikin tanki kai tsaye. In aka mayar da shi bakin famfo don gudun jan tiyo, fetur mai zafi zai tafasa ya zama tururi, matsi ya faɗi, inji ya mutu, sauyawa zuwa B kuma ba ta gyara komai. Man 'yan bumburutu kada ya kusanci wannan tanki. Man jirgi 100LL shi ma da nasa lahani, dalmar da ke ciki tana toshe fulogi kuma tana kashe sansan cakuɗa da wuri.

Ƙurar hunturu tana cin sil da gidan rota, filtar iska wajibi ce ko da za ta rage kPa ɗaya ko biyu.

Akwai batun baƙin mai da ke da alaƙa kai tsaye da saiti. Sil ɗin ƙusurwa suna bukatar mai a cikin ɗakin ƙonewa. Masu jirgi da yawa suna cire famfon ɗigon mai na asali su zuba man babur mai bugu biyu a cikin fetur, kusan 1:128, wato mililita 160 a jarkar lita 20. In aka bi wannan hanyar, duk saitin da ke yanke fetur idan an saki totur dole a kashe shi, domin a gangarowa iska na juya farfela, farfela na juya inji, in babu fetur babu mai a kan sil. Wannan na'urar ba ta yanke fetur ko kaɗan, kuma daidai ne. Makunnin sanyi kuma a kashe shi da zarar inji ya kama. Rota da aka tada da sanyi aka kashe nan take yakan cika da fetur ya rasa matsi. Sai an kashe nozul duka, a buɗe totur, a juya da kik sakan goma, in ya ƙi a cire fulogin L a ɗiga mai kaɗan a ramin.

Abin da ban ji daɗinsa ba: ba ta ajiye tarihin gudu, don haka tarin da ya faru sau ɗaya sai dai a yi ta farautarsa. Kan haɗin wayoyinta na dalma ne, kuma girgiza tana karya waya a daidai bakin dalmar in ba a ɗaure damin da kyau ba. Kayan gyara kuma sai an jira su daga ƙetare. Wanda zai saya ya haɗa da ma'aunin cakuɗa mai faɗin zango, sansan zafin salansa ɗaya ga kowane rota, da agogon matsin mai.

Kafin a kai jirgin gaban jami'an NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, neman izinin tashi, littafin gwajin ƙasa ya nuna an maimaita wannan a kowace tadawa, a gudu 4,000 da ruwa a digiri 80 zuwa 90: a sauya A zuwa B, a kashe koyil na T sannan na L, a kashe nozul na farko sannan na biyu, a kashe famfo ɗaya sannan ɗayan, a cire altaneta daga layi. Kashe T yana rage gudu kaɗan, kashe L yana ragewa sosai amma inji ya ci gaba da juyawa. Duk makunnin da ya kashe inji gaba ɗaya, a bi wayarsa har a gano inda layi biyu suka koma ɗaya.