Sharhi Kan Manhajar iNaturalist da Rawar Jama'a Wajen Kare Namun Daji da Tsirrai

Masana ilimin halittu ba su da yawan da za su zagaye kowane daji da kowace fadama suna lissafa abin da ya rage na dabbobi da tsirrai, kuma wannan giɓin ne manhajar iNaturalist take cikewa ta hanyar shigo da jama'ar gari cikin aikin. Ta samo asali ne a shekarar 2008 a matsayin aikin ɗaliban digiri na biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta kuma zama ƙungiya mai cin gashin kanta da ba ta neman riba a 2023.

Amfani da ita ba shi da wuya. Mutum zai ɗauki hoton tsuntsu ko ƙwaro ko ganye da wayarsa, ko ya naɗi kukan dabba, ya ɗora tare da kwanan wata da wurin da ya gani. Manhajar takan kawo sunan da take hasashe, amma yanke hukunci na mutane ne, domin ba a ɗaukar bayani a matsayin wanda ya cancanci bincike sai fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa, wato masu amfani da manhajar da suka ba halittar suna, sun amince da suna ɗaya. Daga nan irin waɗannan bayanai sukan shiga rumbun bayanan halittu na duniya mai suna GBIF, inda masu bincike suke ɗibarsu. A ganina wannan ne ƙarfinta, domin abin da manomi ko ɗalibi ya gani da idonsa yakan zama hujjar da za a kafa wajen neman a kare wani wuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take ɓoye mazaunin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Idan aka ɗora hoton irinsu, taswira ba ta nuna ainihin wurin, sai dai wani yanki mai faɗin kusan kilomita 20 ta kowane ɓangare. Ba don wannan tanadi ba, da kyakkyawar niyyar mai hoto ta zama jagora ga mafarautan ɓoye da masu tone tsirrai domin sayarwa.

Tana da rauni kuwa. A yankunan da masu amfani da ita ba su da yawa, hasashenta yakan kuskure, hoto kuma yakan daɗe bai samu mai tantancewa ba, musamman na ciyayi da ƙananan ƙwari, alhali sau da yawa a irin waɗannan wurare ne aka fi ƙarancin bayanai.

Duk da haka ina ba ƙungiyoyin sa-kai da makarantu shawarar su buɗe shafin aiki na yankinsu a cikinta, su gayyato masani ko da ɗaya ne da zai riƙa duba hotunan, sannan su miƙa abin da suka tara ga hukumar da ke kula da gandun daji.