Mai tura bidiyon shari'ar Habre a kasuwar Dembe: aikinsa da kyau, amma akwai gyara

Jama'a duk mai son kallon shari'ar Hissene Habre, tsohon shugaban ƙasar Chadi, a wayarsa ba tare da ya ƙona kuɗin intanet ba, akwai wani yaro mai shagon caji da tura fina-finai a bakin kasuwar Dembe nan Njamena da ya tara bidiyon zaman kotun Dakar. Kart memwar da turawa duka jaka uku ya karɓa a wajena, kuma gaskiya bai yi tsada ba in ka duba yadda mega ke cin kuɗi a garin nan.

Hoto fes, sauti ma yana fita. Ya faro tun daga ranar buɗe kotu, 20 ga Yuli 2015, har da zaman Satumba da jami'an tsaro suka ɗauko Habre cak suka dire shi kan kujera, farin rawani ya rufe masa baki ga baƙin tabarau, mutumin da ya riƙe ƙasar nan daga 1982 zuwa 1990 yana zaune ana karanta masa abin da DDS, hukumar 'yan sandan sirrinsa, ta yi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne shaidu, wasu da Larabcinmu na Chadi suke magana don haka ba sai ka jira tafinta ba. Ka ji Clement Abaifouta yana faɗin yadda aka mai da shi mai binne 'yan uwansa fursunoni a Hamral-Goz, filin kaburbura a wajen Njamena, ka ji bayanin Piscine, wurin wankan nan da aka rufe samansa da kankare aka mai da shi kurkuku, ka ji yadda ake ɗaurin arbatashar, hannu da ƙafa a haɗe ta baya har jini ya daina gudu. Mun sha jin cewa kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe, amma jin mutum ɗaya yana faɗi da bakinsa muryarsa na rawa wallahi daban ne.

To ga inda raina ya ɓaci. Bidiyoyin ba suna sai lambobi barkatai, kafin ka gano wanne ke bin wanne ka sha wuya, wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce yaron ya yanke kusan duk inda lauyoyin da kotu ta naɗa wa Habre suke yi wa shaidu tambayoyi, da na tambaye shi sai ya ce wai kawu ai mutane ba sa son ganin waɗannan, suna cinye wuri a kart. Na ce masa ɗana ka cire ƙashin bayan abin. DDS ba ta taɓa ba kowa lauya ba, dare ɗaya a ɗauke mutum shi ke nan, amma shi Habre an ba shi lauyoyi, an dage zama kwana 45 don su karanta takardu, an bar su sun titsiye shaidu, sannan alƙali Gberdao Gustave Kam ɗan Burkina ya yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016. In ka cire wannan ɓangaren, mai kallo zai ɗauka ramuwar gayya ce kawai ta waɗanda suka ci yaƙi, kuma dama abin da magoya bayansa ke faɗi ke nan har gobe.

Ɗaukaka ƙarar 2017 ma babu ita a ciki, inda aka tabbatar da hukuncin aka kuma sa diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, haka shari'ar manyan DDS su Saleh Younous da aka yanke hukuncinta a nan gida a Maris 2015 ita ma ba ya da ita.

Duk da haka ku je ku karɓa, amma ku ce masa cikakke kuke so ba yankakke ba, ya ce min yana da shi a kwamfutarsa sai dai ka zo da kart babba. Kuma don Allah shaidar matan nan da aka yi wa fyaɗe kar a kunna ta a gaban yara.