Baƙin layin bamba: buroshi ko gwangwanin feshi?

Wani ɗan'uwa daga wajen Ringim ya yi tambaya a kan Volkswagen Beetle da ya gada a wurin mahaifinsa. Baƙin layin da ya ratsa tsakiyar bamba ya ɓare, yana so ya san wanne zai kama in zai sake fentinsa, buroshi ko feshi. Malam, Allah ya jiƙan baba. Na gwada duka biyun a tawa, ga abin da na gani.

Sheƙin bamba rufi ne na ƙarfen kurom da aka yi a kan wani ƙarfen mai suna nikel, kuma bai kai kaurin gashi ba. Sulɓinsa ne ke hana fenti kamawa. Saboda haka ko da wanne za ka yi, sai ka wanke da sabulu, ka goge maiƙo da tina, wato ruwan tsinka fenti, ka liƙa tef a gefe biyu na kwarmin da layin ke ciki, sannan ka bi cikin kwarmin kaɗai da sanfefa mai lamba 400 har ya dushe. Don Allah kada sanfefar ta hau inda ke sheƙi. Karcen da aka yi wa kurom ba ya gyaruwa a gida, sai an sake rufin gaba ɗaya, ni kuwa raina na ɓaci in na ga bambar da ta haura shekara 40 an lalata ta cikin minti biyu. In akwai ɗigon tsatsa, dunƙule takardar alminiyam ka jiƙa da ruwa ka murza a hankali.

Buroshi ya fi araha, kuma iska ba ta dame shi ba. Fentin mai irin na masu rubutu a jikin motocin lodi yana kwanciya da kauri. Sai dai yana son hannu marar rawa, kuma yana daɗewa bai bushe ba, ya kan kwana yana danƙo. A ƙauye wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Na taɓa shafawa da la'asar cikin hunturu, da gari ya waye na tarar ƙura da ƙaiƙayin gero sun manne a layin, in ka shafa da yatsa kamar kana shafa bangon ƙasa. Dole na kankare na sake.

Feshi kuwa ya fi fitar da layi sumul, kusan yadda motar ta fito daga kamfani. Ka fara da fentin shimfiɗa, irin wanda ke ɗan cin ƙarfe don ya kama shi, sannan baƙi sau biyu ko uku, kowanne siriri, da tazarar minti 10 zuwa 15. Gwangwanin ya zauna kamar taƙi ɗaya daga bamba. Wahalarsa ita ce rufewa: duk bambar da fitilu sai an lulluɓe su da tsohuwar jarida, gara ma ka kwance ta ka shiga da ita zaure. Da rana tsaka a bazara fentin na bushewa tun a iska, ya sauka gari-gari, don haka da hantsi ake yi, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta.

Layinka dogo ne kuma a miƙe, ni dai feshi zan ce maka. Buroshi ka ajiye shi don 'yan wuraren da tsakuwa za ta ɓantare nan gaba.

Tef ɗin kuma kada ka bari fenti ya ƙeƙashe kafin ka cire, zai taho da bakin layin. Ja shi a kwance, sannu a hankali, tun fentin na da ɗan laushi. Ka ba shi mako guda kafin ruwan wanki ya taɓa shi, kuma ka ja wa yara kunne, don sai sun so su dangwala yatsa su ji ko ya bushe.