Adaftan IDE da SATA: kebul ɗin cikin kwalin ya cinye min yini guda

Na sayi adaftan nan, mai jona faifan ajiya da kwamfuta ta USB, don in kwashe abin da ke cikin tsofaffin faifan ajiya guda biyu da suka daɗe a ajiye; IDE da SATA nau'o'in mahaɗin faifai ne, IDE ne tsoho. Ɗaya na IDE ne mai gigabait 80, irin mai faffaɗan baki da haƙora 40. Ɗayan kuma SATA ne na zubi na biyu, gigabait 500. Hotunan iyalina na shekaru da yawa suna ciki, kuma ba ni da su a wani wuri. A jikin kwalin an rubuta USB 3.0, gigabit 5 a sakan, shi ya sa na zaɓe shi.

Na fara da na IDE. Kwafi ya tsaya a megabait 32 zuwa 33 a sakan, ya ƙi wuce nan. Lambar ce ta ruɗe ni. Wanda ya taɓa haɗa tsohuwar kwamfuta ya san matakan saurin IDE: megabait 33, 66, 100 da 133 a sakan. Ya kuma san idan ba a sa kebul mai zare 80 ba, faifan yakan koma matakin 33 ko da zai iya fin haka. Faifaina na matakin 100 ne, sai na ɗauka adaftan ne ya mayar da shi ƙasa. Na yi ta sauya ɗan makullin nan na bayan faifai, in kashe in kunna, fiye da awa biyu, babu abin da ya motsa. Na haƙura na ce tsufa ne.

Da na jona na SATA sai na ga 33 ɗin nan dai. A nan raina ya ɓaci sosai. SATA na farko ma, wanda ya fito a 2003, megabait 150 a sakan yake ɗauka, na biyu kuma 300. Ba yadda za a yi faifai biyu masu bambancin zamani haka su tsaya a lamba ɗaya, sai dai idan akwai abin da ya shaƙe su duka. USB 2.0 ne, tsohon zubin da bai kai 3.0 sauri ba. A takarda megabit 480 ne a sakan, idan aka raba da 8 (bit 8 ne bait ɗaya) ya zama megabait 60, amma a aikace talatin da 'yan kai ake samu. Kebul ɗin da suka sako a kwalin bakinsa shuɗi ne kamar na USB 3.0 na gaske, amma kwamfuta tana ganinsa a matsayin USB 2.0. Kusan gigabait 400 nake son kwashewa, wato awa uku da rabi ke nan, kuma ƙananan hotuna sun fi haka jan lokaci.

Na ciro kebul ɗin wani faifan nawa na sa. Nan take na SATA ya haura megabait 100, aikin ya ƙare cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Gaskiya na ji daɗi, har na fara tunanin na zalunci adaftan, domin shi kansa lafiyarsa ƙalau. Na IDE ya kai wajen 50. Bai kai 100 ɗin da aka rubuta masa ba, kuma ban ga laifin kowa a nan ba: lambar ta hanyar da bayanai ke bi ce, faifan da ke juyawa a ciki ba zai iya cika ta ba. Haka na SATA bai ko kusanci 300 ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tazarar da ke tsakaninsu a aikace ninki biyu ce kawai, alhali a takarda ninki uku ce.

Sai kuma filogin wuta. Mai haƙora huɗun da ke ciyar da faifan IDE sako-sako yake. Na ɗan taɓa teburin, wuta ta yanke, faifan ya yi wata ƙara ya tsaya ana tsakiyar kwafi. Gabana ya faɗi. Faifan da ya haura shekara 15 ba abin da za a riƙa yanke wa wuta ba ne haka kawai. Allah ya taimaka ya sake tashi, amma sai da na riƙe filogin da hannu har aka gama, kusan minti ashirin ban motsa ba.

Tauraro biyu na ba shi. Da uku na yi niyya, amma duk lokacin da na tuna ƙarar nan sai in ji ba zan iya ba. Na rubuta wa mai sayarwa kan kebul ɗin da filogin, yau kwana tara bai amsa ba.