Bulok ɗin tarakta ya tsage: walda, ɗinki, gam ko sayen wani?

Tsohuwar Massey Ferguson 135 ce da ni, mai injin Perkins silinda uku, irin waɗanda aka daina ƙerawa tun 1975. Bulok ɗinta, wato gangar jikin injin, ya tsage ta hanyar da na kowa ke tsagewa a nan: inji ya yi zafi a tsakiyar huɗa, yaron da ke tuƙi ya buɗe lagireto ya sheƙa masa ruwan rijiya mai sanyi. A ƙasashen Turai ƙanƙara ce ke fasa musu. Mu gaggawa ce.

Kafin ka ba kowa ko sisi, ka san iyakar tsagar. A wanke wurin, a shafa kananzir, a goge, sannan a goga alli. Kananzir ɗin da ya shige zai fito ya zana maka layin tsagar a jikin allin, kuma sau da yawa ta fi abin da ido ya gani tsawo. Idan a bangon waje take, inda ruwa ke zagayawa, akwai gyara. Idan ta ratsa tsakanin silinda biyu ko ta kai mazaunin kiranshaf, sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan injin, kada ka wahalar da kanka, nemi wani bulok.

Gam, ko na J-B Weld ne na ainihi, toshe yoyo kawai yake yi. Zai iya kai ka ƙarshen damina, ba zai hana tsagar tafiya ba. Likin tagulla da wutar gas kuma sai an sauke inji an gasa shi.

Walda ce ta ƙona ni. Bulok ƙarfen zubi ne, wanda masu walda ke ce wa kas, kuma ba ya miƙewa kamar ƙarfen ƙofa. Wuri ɗaya ya yi zafi, gefensa na sanyi, sai ya sake tsagewa kusa da waldar. Aikin gaskiya yana buƙatar rodin nikel, a ɗumama bulok ɗin, a riƙa yin santimita biyu ko uku ana tsayawa ana bubbugawa da guduma, a ƙarshe a binne shi cikin yashi ko toka ya huce a hankali. Wanda na kai wa ya nuna mini kwalin nikel, ya karɓi kuɗin nikel, ya yi min da rodin gama-gari. Kwana tara muka yi, sabuwar tsaga ta fito daf da tsohuwar, ga gonakin mutane na karɓi kuɗin huɗarsu.

Saboda haka in dai walda za ka yi, sayo rodin da kanka kuma ka zauna a wurin. Kwali ba shaida ba ne, ana zuba na banza a cikin na kirki. Ka sa a ɗiga walda a kan wani guntun kas, in ta huce ka goga mata magagari. Ta nikel magagari na cin ta. Ta gama-gari takan ƙandare, sai ka ji yana santsi a kai. Wanda ka ga ya ɗauko ruwa zai zuba don aiki ya huce da wuri, ɗauke kayanka.

Ni ɗinki nake ba kowa shawara. Ba wuta a cikinsa ko kaɗan. Ana huda ƙarshen tsagar biyu don ta tsaya, sai a bi layinta ana hudawa, ana yanka wa ramukan zare irin na noti, ana ɗaura ƙananan kusoshi, kowace tana cin gefen ta kusa da ita har layin ya rufe ruf. A tsaga mai tsawo ana gitta wasu ƙarafa kamar makulli su riƙe ɓangarorin biyu, sannan a goge saman ya daidaita. Dabarar ta fito ne daga rijiyoyin man Texas a Amurka a shekarun 1930, inda kunna wuta haɗari ne, kuma kamfanoni irin su Metalock da Lock-N-Stitch da ita suka yi suna. Tunda ba a gasa ƙarfen ba, bulok ba ya karkacewa, kuma idan tsagar a waje take ko sauke injin ba a yi. Yana cin lokaci, masu iya shi ba su da yawa, kuɗinsa ya fi na walda. Nawa damina huɗu ke nan, ko digo babu. Ka dai nemi mai yin ya nuna maka wani aikin da ya taɓa yi, kuma ya gwada da ruwa da iska a gabanka.

Saura bulok na hannu. Ana samu a manyan kasuwannin kayan gyara irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, amma ko a ina za ka saya, ka ji tsoron wanda ke sheƙi da sabon fenti. Tsohon ƙarfe da kwalliya, akwai abin da ake rufewa. Kankare fentin a gefen hanyar ruwa, ka duba ko an cike da gam ko filar masu gyaran jikin mota. Je da kananzir da allinka. Murafen da ke riƙe kiranshaf dole su zama nasa na asali, domin tare aka huda su a masana'anta, na wani bulok ba sa zama daidai. Ka gwada lambar injin da taka, kuma kada a sauke maka shi a mota sai kun yi magana a gaban shaida cewa in ya yi yoyo za ka dawo da shi.