Sikelin auna albarushi na lantarki: kada ku dogara da shi kaɗai

Ƴan uwa masu ɗura harsashi da kansu (wato masu zuba albarushi a kwanso su haɗa harsashinsu) a nan Amurka, wannan ƙaramin sikelin lantarki da ake cusawa cikin set ɗin injin ɗura harsashi, wanda a kwalinsa aka rubuta wai kuskurensa baya wuce giren 0.1 (giren shine ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi da ake auna albarushi dashi), ni dai ya ci amanata kuma har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Injin kansa bani da magana a kansa, ƙarfe ne mai nauyi, yana aikinsa. Matsalar sikelin ce. Ni harsashi samfurin .308 Winchester nake ɗurawa don harbin takarda a yadi 100 zuwa 300 a wani kulob a Texas, kuma duk wanda ke wannan harka ya san giren ɗaya ba abin rainawa bane, giren 7,000 ne ke yin fam ɗaya, gram ɗaya ma ya haura giren 15, to kun ga irin ƙanƙantar abin da muke aunawa. SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai a Amurka, sun ƙayyade iyakar matsin .308 a psi 62,000 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne), kuma wannan wutar a daf da kuncinka da idonka take tashi.

Na ɗura kwali guda don gasar kulob, na bi littafin awon albarushi tiryan-tiryan, ban ma kusanci iyakar sama ba. Harbin farko lafiya, na biyu lafiya, can sai na ji wani harbin ya daki kafaɗata fiye da sauran, na zo ɗaga sakata ta ƙi sai da na sa ƙarfi, da kwanson ya fito na juya gindinsa sai ga faraima, wato ƴar hular da ke kunna albarushin, ta baje ta yi shafal, alamar matsi yayi yawa. Wani dattijo Bature da ke bencin kusa da ni ya karɓa ya duba, yace yaro tattara kayanka, kada ka ƙara harba ko ɗaya daga kwalin nan. Allah ya saka masa da alheri, shi ya ara min tsohon sikelinsa mai sanda wanda ba ruwansa da batir.

A gida na zauna na cire kan harsasan ɗaya bayan ɗaya ina juye albarushin ina aunawa, wallahi jikina yayi sanyi, na farko-farko daidai suke amma ana tafiya awon na ƙaruwa, na ƙarshen sun haura da fiye da giren guda. Ashe sikelin zamewa yake a hankali yana nuna maka lamba mai kyau alhali sifirinsa ya riga ya gudu. Da kakana maharbi ne da adakarsa yana auna albarushi a tafin hannu sai ince to, amma wannan albarushin zamani mara hayaƙi baya yafe irin wannan kuskuren.

Na kira kamfanin, wata mata ta fara karanto min abin da ke cikin takarda: in kunna shi ya ɗumama tukuna, in nisanta shi da waya da dogon ƙwan fitila, in kashe fanka da AC, in daidaita shi da dutsen awon da ya zo dashi. Nace mata duk na yi, tebur ɗina ma ko girgiza baya yi. Gaskiya daga nan bata ja dani ba, tace za su turo sabo, kuma suka turo da wuri, sabon yana zama daram, na gwada shi da na dattijon suna tafiya tare. A lokacin har na fara cewa mutanen nan sun kyauta, kowane kamfani yana iya samun kaya ɗaya mai matsala.

Amma fa kuɗin mayar musu da lalataccen ni na biya, wannan ya tsaya min a rai, kayanku ya kusa nakasa mutum sannan ku ce ya biya kuɗin aika? Ga gasar ta wuce ni, ga kawunan harsasai masu tsada da suka kurje wajen cirewa, ga faraima da tun ƙarancin 2020 kowa ke lallaɓa tasa. Kuma ko uzuri a rubuce basu bani ba, balle su ce za su binciki sauran da suka fito tare dashi, wanda shine abin da ya fi damuna, don wani sabon shiga na can yana ɗurawa da irinsa ba dattijo a gefensa.

Injin ku saya. Sikelin kuwa ku sa kuɗi ku haɗa da mai sanda da duwatsun gwaji, duk bayan harsashi goma ku ɗora dutse ku gani, in lamba ta motsa ku tsaya ku sake auna na baya. Tauraro biyu na basu, ɗayan ma don matar nan ne.